Ƙararrawar Barde Tunau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye mana abin da ke ƙarƙashinta. Ya ku mutanen gidan nan da kuka ba ni tabarma, kuka ba ni ruwa, sannan kuka yi ta kewaye-kewaye kafin ɗayanku ya yi ƙarfin halin tambayata abin da ya ci idanuna, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Cindo. Amsar tambayarku tana cikin labarin wani soja, kuma na ɗauki alkawari ba zan taɓa ba da rabinsa in bar rabi ba.

Tun ina saurayi ba abin da nake so kamar karatu. Sai na ji labarin birnin Zarnu, can bayan ƙasashen da muka sani, inda aka ce akwai gida mai ɗaki dubu, kowane ɗaki cike da littattafai har rufi, kuma ba a hana baƙo shiga. Na rataya gafakata na kama hanya. Na ratsa ƙasar da koginta ke gudu gabas da safe ya juyo yamma da maraice, har masuntanta ba su san wahalar tuƙi ba. Na yi kwana bakwai a kan bishiya a Dajin Kurame saboda wasu ɓeraye masu girman jaki da suka yi mini zobe, sai da na cinna wa hulata wuta na jefa musu suka watse. Kada ku ɗauka jarumtaka ce. Ku sani tun yanzu, ni matsoraci ne na gaske, gudu da 'yar dabara ne suka kai ni duk inda na kai.

A shekara ta biyar na iso Bakin Fari, gari na ƙarshe kafin Zarnu. Tsakanin garuruwan biyu akwai abin da suke kira Farin Fili. Gishiri ne zalla iyakar ganin mutum, ƙarƙashinsa kuwa baƙin ruwa ne da ba a taɓa samun igiyar da ta taɓo ƙasansa ba. Kullum da la'asar ruwan yakan taso ya shanye filin, ba ya janyewa sai gari ya waye, ya bar sabon ɓawo. Wani wuri ɓawon ya kai kaurin katanga, wani wuri bai fi na ƙwai ba, kuma inda ya ɗauke ka jiya yana iya haɗiye ka yau. Mai son ƙetarewa yana da daga hantsi zuwa la'asar, ba ƙari. Sannan ga haske. Rana in ta faɗa kan gishirin nan, sai ta dawo cikin ido ta ƙone shi.

Saboda haka mutanen ƙasar suka yi wa abin tsari. Kowa yakan ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle, ya kama wata doguwar igiya, a jeru ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ne ke tafiya da ido, wato hafsan sojan da ke riƙe da mashigar, wanda suke kira Barde. Yakan rambaɗa kwalli, ya rufe fuska da amawali mai 'yar tsaga, ya wuce gaba da taku talatin, sanda a dama, ƙararrawa a hagu, da siririyar igiya daga ƙugunsa zuwa hannun na farkon layi. Duk da kwallin, idon Barde ba ya wuce shekara uku. In ya makance a sallame shi, a naɗa wani saurayi.

Suna da wata al'adar kuma. In ƙararrawa ta yi shiru har numfashi ɗari, to Barde ya faɗi, kowa sai ya zauna inda yake. Ba mai ɗaga ƙafa sai an ba da labarin rayuwar mamacin tun daga haihuwa har faɗuwa, an kuma naɗa wani. Suna kiran wannan Zaman Barde. Sau biyu a tarihinsu ruwa ya tarar da runduna a zaune ya tafi da ita, amma ba su fasa ba.

Na zo a mugun lokaci. Mahaya Jimina sun fito daga arewa sun ƙone garuruwa goma sha ɗaya, Bakin Fari ne na gaba, kuma kowa na ƙulle kayansa don gudu Zarnu. Jiminun nan sun fi raƙumi tsawo, ga su ba nauyi, suna gudu kan gishirin da ba zai ɗauki akuya ba, haske kuma ba ya yi musu komai. Mahayan kan ɗaure ido kamar kowa, tsuntsun ya gani musu hanya, su kuwa su saki kibiya inda suka ji sauti. A Farin Fili sauti ɗaya ake ji. Da aka gaya mini haka ne na gane dalilin taku talatin ɗin nan.

Aka ce ba mai kama igiya sai Barde ya yarda, sai na je na same shi shi kaɗai a bakin gishirin. Sunansa Tunau, gajere ne mai faɗin kafaɗa. Shekara goma sha biyar yana riƙe da ƙararrawar, har mutane na raɗa cewa idonsa na aljanu ne. Na gaishe shi, na miƙa masa takardar shaida da wani alƙali ya rubuta mini a hanya. Ya karɓa, ya kai ta gaban tsagar amawalinsa, ya jinjina kai.

"Rubutu mai kyau," in ji shi.

Bayan takardar yake kallo, inda babu ko ɗigon tawada. Na ɗaga hannu a hankali na kaɗa shi gaban fuskarsa.

"Sauke hannunka, Malam, iskarsa na taɓa ni," ya ce. "Shekara goma sha biyu, kai ne na farko da ya gane. Mutanena ba sa kawo mini takarda."

"Ranka ya daɗe, yanzu makaho ne zai ja mutum ɗari huɗu a kan wannan abin?"

"Ƙara ɗaga murya mana, na bayan kasuwa ba su ji ba." Ya yi 'yar dariya, ya mayar mini da takardata. "An ce neman ilmi ya fito da kai. To zo ka ji wani, ba ya cikin ɗakunan Zarnu."

Kwana uku aka yi ana jiran mutanen ƙauyuka su taru. Kowace safiya Barde ya ɗaure mini ido ya ja ni cikin filin, ya sa mini sandarsa a hannu. In ta ce ƙwal, ƙasa ce mai ƙarfi, taka. In ta ce dum, za ta ɗauki mutane ɗai-ɗai a hankali. In ta ce luɓ, kamar ka bugi ruɓaɓɓiyar kabewa, ja da baya, kabari ne. Hanya kuwa, rana a kuncin dama da hantsi, a keya bayan azahar, in an kusa kuma hanci zai ɗauko hayaƙin girkin Zarnu. Ni dai duk bugun iri ɗaya nake ji, domin bugun zuciyata ya cika mini kunne.

A tsakanin haka ya riƙa ba ni labarinsa, ban tambaye shi ba. Ɗan masu haƙar gishiri ne, filin ya haɗiye ubansa yana shekara tara. Ya shiga soja yana sha shida don a can ake cin abinci sau biyu a rana. A yaƙin Mashigar Kura ya goyo mutum bakwai masu rauni, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya taɓa yi masa bulala kan laifin da bai yi ba. Ya auri wata Tabawa, ta haifa masa 'ya mace, sannan Tabawar ta rasu. Ganinsa na ƙarshe da 'yar tana shekara bakwai, yanzu tana Zarnu da nata ɗan a baya, muryarta kawai ya sani. A shekararsa ta uku da ƙararrawa idonsa ya mutu a tsakiyar fili, da mutum ɗari biyu a bayansa. Don tsabar tsoro ya yi ta dukan ƙasa da sanda, sai ya ji tana ba shi amsa.

"Saurayin da za a naɗa bayana, a makon ya yi aure," in ji shi. "Na ce bari in ƙara masa wata guda ya ga matarsa da kyau. Watan ne bai ƙare ba har yau."

"To me ya hana ka koya wa wani?"

"In na koyar an gane, in an gane an sallame ni. Na gaya wa kaina don yaran nan nake yi, kuma gaskiya ne. Amma ina son ƙararrawar nan, Malam, wannan ma gaskiya ne. Na yi kuskure, ga shi kuma yaƙi ya zo."

"Ni kuma me ya sa kake gaya mini?"

"Kai baƙo ne, al'adarmu ba ta hau kanka ba. In na faɗi, kai ba dole ka zauna ba."

Wallahi na yanke shawarar komawa inda na fito, ɓerayen nan ma sun fi mini. Amma da na juya na dubi arewa, hayaƙi uku na gani sun miƙe sama, na kusa bai fi tafiyar rabin yini ba.

Rana ta huɗu da hantsi muka shiga. Barde ya sa ni na farkon layi, ya ɗaura mini siririyar igiyarsa a wuyan hannu. Bayana wata tsohuwa ce mai suna Gwamma, goye da jikarta, mai baki kamar reza. Sojoji suka rarrabu cikin jama'a, mataimakin Barde, Saje Arzika, ya tsaya a ƙarshen igiya. Muka ɗaure ido. Gishiri na ƙara ƙarƙashin takalma, ƙararrawa na tafiya gabanmu, kilin, kilin, ba sauri ba jinkiri.

"Ɗan nan, rawar me kake yi? Igiyar duk ta ɗauka," in ji Gwamma.

"Sanyi nake ji, Iya."

"A wannan ranar? Allah ya ba ka lafiya."

Muna cikin tafiya, rana ta take tsaka, sai na ji ƙasa na rawa daga hagu, dif, dif, dif. Wata mata ta ƙwala ihu. Muryar Arzika ta taso daga baya, "Ba mai sakin igiya! Ba mai buɗe ido!" Igiyar da ke hannuna ta ja ni gefe, ta sake, na gane Barde yana nisanta kansa da mu gwargwadon tsawonta. Ya tsaya wuri guda yana kaɗa ƙararrawa da ƙarfinsa duka. Kibau suka yi ta wucewa suna shuuu. Takun tsuntsayen ya taru wuri ɗaya gabansa, sai na ji sandarsa ta sara ƙasa sau uku. Wata ƙara ta tashi kamar an fasa tulu dubu, sannan kukan jiminu da na mutane, sannan ruwa ya yi gum. Ashe a bakin mugun wuri ya tsaya ya kira su. Ɓawon da zai ɗauki jimina ɗaya bai ɗauki ashirin ba. Sauran suka juya, takunsu ya yi nisa.

Ƙararrawa ta ci gaba, kilin, kilin. Jama'a suka yi hamdala. Ni kaɗai ban yi ba, domin igiyar da ke hannuna ta karkata ƙasa, sautin kuma ba daga tsayin mutum yake fitowa ba, daga kan gishiri yake.

Na juya na raɗa, "Iya, riƙe mini igiyar nan."

Hannunta ya lalubo nawa, ya kwance ƙullin da kansa. "Je ka," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ni kurma ce yau."

Na bi igiyar da rarrafe har hannuna ya taɓa ƙafarsa, na janye ƙyallen idona. Hasken ya soke ni kamar barkono. Barde yana kwance a kan gefensa, kibiya biyu a ƙirji, ɗaya a cinya, hannunsa na hagu bai daina kaɗawa ba. Amawalin ya zame. Fuska ce ta mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, da tabo a haɓa, da furfura a gira ɗaya, idanunsa farare fat.

"Malam, kai ne? Karɓi, kada ta yi shiru." Ya tura mini ƙararrawar, na kama ina kaɗawa. "Ka buɗe ido, ko?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake, na ji numfashinka. Rufe. Ba abin da zai nuna maka, sai dai ya ci ka. Kwance igiyar daga ƙuguna ka ɗaura. Ka ja dama taku arba'in, kada su taka ni."

"Barde, ba zan iya ba. Wallahi ba na jin bambancin."

"Ni ma ban ji ba, sai da ba yadda zan yi. In kun taka yashi, ka bar su su zauna. Ka faɗa musu duka, har wanda ba daɗi." Ya nemi hannuna ya matse, ya yi kalmar shahada, hannun ya saki.

Na miƙe da sanda da ƙararrawa, na bar shi nan kwance. Ban rufe ido ba. Wannan shi ne laifina, kuma ba wanda ya sa ni. Na ce a raina mutumin da ya karanta littafi ɗari ba zai jefar da idonsa ya dogara da itace ba. Na ja dama, igiya ta miƙe a bayana, mutum ɗari huɗu suka biyo ni suna zaton Tunau ne. Duk kaɗawa ɗaya ina jiran kibiya a tsakanin kafaɗuna. Na zura ido ina neman tsaga ko wani launi, ban ga komai ba sai fari, gaba fari, dama fari, hagu fari. Na hangi wani wuri sumul mai kyan gani na nufe shi, ko sanda ban buga ba. Ƙafata ta dama ta burma har gwiwa, ruwan ya kama ta da sanyi irin na rijiya. Na faɗa da baya na janye ta, ina kuka kamar yaro, hannuna kuwa bai daina kaɗawa ba.

Daga nan na fara buga sanda, amma ina bugawa ina kallo, kunne da ido suna gardama. Hawaye suka yi ta zuba. Farin ya koma ja, jan ya koma ruwan toka, sannan wani duhu ya taso daga gefe ya rufe tsakiya. Na laluba fuskata ko ƙyallen ne ya zamo. Ba ƙyalle. Na tsaya cak, na tuna ɗaki dubu, na ji kamar in zauna nan ruwa ya zo ya same ni.

"Barde!" Muryar Gwamma ce, ta ɗaga ta yadda kowa zai ji. "Jikata ta fara nauyi, a yi gaba mana!"

Na ɗaga sandar na buga. Ƙwal. Na ji shi sarai, kamar an kira sunana. Na matsa hagu na buga, dum. Na ƙara matsawa, luɓ, na ja da baya. Rana na dukan keyata. Na bi ƙwal, taku bayan taku, ban san tsawon lokacin ba. Can na ji tafin ƙafata ya jiƙe, ruwa ya fara tsattsafowa, yara suka fara kuka a baya. Ya kai idon sawu, sautin sanda ya fara nutsewa, sai na sunkuya ina kai kunne kusa da ita. Ya kai ƙwauri. Sannan iska ta juyo, na ji ƙamshin hayaƙin itace da na miya. Ban daɗe ba ƙafata ta nutse cikin yashi.

Ban daina kaɗawa ba sai da na ji Arzika ya fito, ruwa na zuba daga ƙugunsa. Aka kwance ido. Takunsa ya nufo ni, ƙarfe mai sanyi ya sauka a wuyana.

"Ina Barde?"

"Yana tsakiyar fili, Saje. Tun azahar."

"Ka sa mun wuce shi? Ka sa mun bar shi kamar mushe, ba zama, ba labari?" in ji Arzika. "Kai wane ne da za ka taɓa ƙararrawar nan?"

"Sauke takobin nan, Arzika, kafin ka yanki kanka," in ji Gwamma. "Dubi idon yaron. Sannan ka ƙirga mutanenka."

Ya ƙirga. Ɗari huɗu da shida muka shiga, ɗari huɗu da biyar muka fita. Na ce masa Barde ya ce in an taka yashi a zauna, kuma ni ya bar wa labarin. Na ji mutane suna zama ɗaya bayan ɗaya, suna fuskantar ruwan da ya riga ya rufe shi. Na fara daga masu haƙar gishiri, na bi ta Mashigar Kura, na zo kan Tabawa. Na faɗi son da yake wa ƙararrawar da kuskuren da ya amsa da bakinsa, ban rage ba. Da na kai ga shekara goma sha biyu na makanta, sai guna-guni ya tashi, wasu na cewa ƙarya ne. Na ci gaba, na faɗi zancen saurayin da ya yi aure a makon, wanda aka ƙara wa wata guda.

Takobi ya faɗi kan yashi.

"Ni ne," in ji Arzika. "Ni ne na gaba a layi. 'Ya'yana biyar, duka na ga fuskarsu." Daga nan sai ga ƙaton soja yana shessheƙa a gaban kurata, ba kuma wanda ya ga laifinsa.

Na shiga Zarnu washegari, Gwamma na riƙe da hannuna tana yi mini faɗa kan duwatsun hanya. Aka kai ni gidan nan mai ɗaki dubu. Gaskiya aka faɗa, ba a hana baƙo shiga. Na shafa littattafan, na shaƙi ƙamshin fata da tawada, na buɗe ɗaya na riƙe shi a gabana. Ban sani ba ko gabansa nake kallo ko bayansa, sai na ajiye.

Shekara bakwai na yi a bakin filin ina koya wa Arzika da samarinsa bugun sanda. Yanzu Barden can da ƙyalle a ido yake tafiya kamar kowa. 'Yar Tunau ta zo wurina wata rana da ɗanta, ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin ubanta ba amawali ba, yaya kamanninsa suke? Na gaya mata tabon haɓa, da furfurar gira ɗaya, da yadda bakinsa yake kamar mai shirin zolaya. Ban manta ko ɗaya ba, domin ita ce fuskar mutum ta ƙarshe da na gani.

To, kun tambaya, kun ji. Allah ya jiƙan Barde Tunau, ya sanyaya masa inda yake kwance. Yanzu kuna iya tashi.